Injina ya ƙi tashi, filogi babu wuta: CDI ne ko maɓallin kashewa?

Sani Yawuri: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimako. Injin jirgin ruwana Yamaha Enduro ne mai ƙarfin doki 40, shekara biyu ke nan ina fito da shi tsakanin Zamare da Rofiya. Shekaranjiya na yi aiki lafiya har magariba. Da dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, da safe na zo na ja igiyar tada inji har kafaɗata ta sage, ko tari bai yi ba. Na sa sabbin filogi biyu, shiru. Na ɗora filogin a jikin inji yarona ya ja, babu wuta ko ɗis. Wani mai gyara a nan ya ce CDI, wato akwatin da ke aika wa filogi wuta, shi ne ya ƙone, kuma kuɗin da ya faɗa mini ya kusa abin da nake samu a wata guda. Kafin in ci bashi na ce bari in tambayi manya.

Haruna Ibi: Wa alaikumus salam. Ka duba mai kuwa? Idan an yi ruwa irin wannan yakan shiga tanki ta murfi. Ka zubar da na cikin kafireta ka gani.

Malam Garba Bakanike (Lokoja): Haruna, ruwa a mai yana hana inji tashi, gaskiya ne, amma ba ya ɗauke wutar filogi. Mutumin ya ce babu wuta, to a bar maganar mai tukuna.

Sani, kada ka sayi komai yau. Tambaya biyu. Makullin robar nan da ke jikin jar igiya yana maƙale a wurinsa, ƙarƙashin jan maɓalli? Sannan kafin wannan rana, injin ya taɓa yi maka ɗif yana cikin tafiya, ya kuma tashi da kansa ko da ja ɗaya?

Sani Yawuri: Makulli yana nan Malam, ban ma taɓa cire shi ba, na naɗe igiyar a hannun inji tun da na saye shi. Maganar ɗif kuwa, wallahi ya yi mini sau uku ko huɗu cikin watan nan, yawanci idan na karya kwana sosai zan shiga kwata. Na ɗauka datti ne a mai.

Malam Garba Bakanike (Lokoja): To madalla, ka ba ni abin da nake nema. Bari in yi bayani a tsanake, don da yawa a zauren nan suna ɗauka maɓallin nan irin makunnin fitilar ɗaki ne, wato yana ba da wuta idan an kunna, yana yankewa idan an kashe. A injin jirgi abin a juye yake.

Waya biyu ce ke fita daga maɓallin. A Yamaha ɗaya fara ce, ɗaya baƙa. Farar tana zuwa CDI, baƙar tana ɗaure da ƙarfen jikin inji. Muddin makullin roba yana ciki, ya ɗaga maɓallin sama, wayoyin nan biyu ba su taɓa juna, wuta tana tafiya filogi. Da ka zare makullin, ko ka danna maɓallin, sai su haɗu, wutar ta zube a jikin inji, filogi ya rasa abin da zai kunna mai da shi. Ke nan duk abin da ya haɗa farar wayar nan da jikin inji zai kashe maka wuta, ko ruwa ne ya kwanta a cikin maɓallin, ko tsatsa, ko wayar ta goge ta taɓa ƙarfe. CDI ɗinka yana iya zama lafiya lau amma a ce maka ya ƙone.

Gwajin ba ya cin kobo. Buɗe murfin inji, ka bi wayoyin daga hannun tuƙi da idonka har inda suka shiga ciki. Za ka ga wurin da farar ta haɗu da 'yar'uwarta, irin mahaɗin nan da ake tura ɗaya cikin ɗaya. Zare shi, ka tabbata bakin wayar bai taɓa komai ba, sannan ka sake gwada filogi.

Amma ka ji wannan da kyau: idan inji ya tashi alhali wayar tana zare, maɓalli ba zai kashe shi ba. Ka sa giya a firi, jirgi a ɗaure, ƙafar inji a cikin ruwa. Idan za ka kashe, ka ja cok gaba ɗaya ya shaƙe, ko ka mayar da wayar ka danna.

Isuhu Gaya (Nijar): Malam Garba ya gama magana. Abin da zan ƙara, lokacin gwada buji, wato filogi a wajenku, kada a riƙe shi daidai bakin raminsa. Mutumin da ya ja igiya sau hamsin, cikin injin ya cika da esansi, wato fetur, tartsatsi ɗaya ya isa ya tada wuta a fuska. A matsa da shi gefe, a riƙe ta wurin roba da busasshen hannu.

Haruna Ibi: Ni nawa Tohatsu ne, na leƙa yanzu ban ga farar waya ba.

Malam Garba Bakanike (Lokoja): A Tohatsu ruwan ƙasa ce da baƙa. A Mercury da tsofaffin Johnson da Evinrude baƙa ce mai ratsin rawaya. Amma kada kowa ya dogara da launi kaɗai, domin injin da ya bi hannun masu gyara uku an riga an yi masa jone-jone. A fara daga maɓallin a bi wayar, ita ba ta ƙarya.

Sani Yawuri: Allahu Akbar! Malam na zare farar wayar, yaro ya ja, wuta shuɗiya tas-tas a filogi biyun. Na shanya su na mayar, ja na uku ya tashi da hayaƙi mai yawa sannan ya daidaita. Wallahi har jikina rawa yake. Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa.

Malam Garba Bakanike (Lokoja): Amin. Hayaƙin man da ka tara masa ne tun jiya, zai wuce. Amma aiki bai ƙare ba, yanzu muka san ɓangaren da cutar take, ba mu san ainihin wurin ba.

Bukar Baga: Ai aiki ya ƙare Malam. Sani, naɗe bakin wayar da baƙin salatif ka rufe murfi ka tafi neman abincinka. Mu nan rabin injinan da ke tafkin Chadi haka suke, an yanke wayar tun tuni. Cok yana kashe inji, zare tiyon mai yana kashe inji. Wannan maɓallin ba abin da yake jawowa sai wahala. Ni sau biyu yana mutar mini da inji a tsakiyar ruwa, wuri kuma ba na tsayawa ba. Tun da na cire shi hankalina kwance.

Alhaji Ɗanlami Yeji (Gana): Bukar ɗana, ban so ka faɗi haka a zauren da yara masu koyo suke karantawa ba. Zan ba ka labarin abin da na gani da idona, ba ji na yi ba.

Ka san tafkin Volta daji ne ruwa ya cinye bayan an gama madatsar Akosombo a 1965. Itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi har gobe, idan ruwa ya ja baya wasu kan fito, wasu kuwa suna nan taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwa, ba ka ganinsu. Wata ranar kasuwa muna dawowa, jirgin da ke gabanmu ƙarami ne, mata biyar da kwandunan kifi da wani yaro ɗan shekara goma sha. Matuƙin yana tsaye, hannu ɗaya a totur. Ƙafar inji ta daki kututture, injin ya yi tsalle, mutumin ya wuntsila ta baya. Da hannun tuƙi ya rasa mai riƙe shi sai ya karkace gefe ɗaya, jirgin ya shiga zagaye, kuma ya ɗaure totur ɗin da ƙarfi don kada hannunsa ya gaji, saboda haka gudu bai ragu ba. Muna kallo jirgin ya zagayo kansa. Karo na farko ya nutse ya kauce. Matan suna ta salati, babu wadda ta san inda ake taɓawa. Yaron ne ya rarrafa ya fizge tiyon mai, amma ka san inji ba ya mutuwa nan take, sai ya shanye abin da ke cikin kafireta. Kafin ya mutu jirgin ya sake zagayowa, farfela ta same shi a cinya. Mu muka ciro shi. Rawanina na ɗaure masa ƙafar da shi. Ya rayu, amma bai ƙara tuƙi ba, da sanda yake tafiya.

Da na duba injin daga baya, jar igiyar tana nan a naɗe a hannun tuƙi, an ƙulle ta tam, kamar yadda Sani ya ce tasa take. Maɓallin lafiyarsa ƙalau. Da tana ɗaure a jikinsa, kafin ya taɓa ruwa injin ya mutu.

Cok da kake magana, sai kana cikin jirgi za ka ja shi.

Hajiya Talatu mai kifi: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji, ni fasinja ce, kusan kullum ina cikin jirgi, amma wallahi ban taɓa sanin amfanin jar igiyar nan ba. Na ɗauka ta rataye makulli ce kawai. To idan matuƙi ya faɗa ruwa, mu da ke ciki me za mu taɓa?

Malam Garba Bakanike (Lokoja): Hajiya, ki fizge jar igiyar da ƙarfi, ko ki danna jan maɓallin ki riƙe har injin ya yi shiru. Kada ki saki da wuri, zai iya ci gaba. Wannan kuwa idan ba a yanke wayar ba ke nan. Shi ya sa maganar ta shafe ku fiye da kowa.

Bukar Baga: Baba Alhaji, Allah ya ba shi lafiya, kuma ban musa abin da ka gani ba. Amma a duba uzurinmu. Jirginmu ba irin na Turawa ba ne da mutum ke zaune a kujera ɗaya. Kana tuƙi, kana kwarfe ruwa, kana miƙa hannu ka ture ciyawa, ka tashi ka hango hanya ta saman kaya. Igiyar nan gajera ce. Idan na ɗaura ta a hannu, kowane motsi sai ta fizge makulli. Inji ya mutu da lodi a inda iska ke kaɗawa, jirgi ya juya gefe, wannan ma ai halaka ce. Ba taurin kai ne ya sa mutane ke cirewa ba.

Isuhu Gaya (Nijar): Wannan magana ta Bukar tana da ƙamshin gaskiya. A nan kusa da gadar Gaya zuwa Malanbil, lokacin da kogi ya cika, idan moter ya mutu maka sama da gada ruwa zai kai ka jikin ginshiƙi kafin ka ja igiya sau biyu. Ni abin da nake yi, ba na ɗaurawa a hannu. Ina zagaya ta a cinyata sama da gwiwa in maƙale ƙugiyar a jikin igiyar. Hannuwana biyu suna sake, ina iya juyawa, ba ta fizgewa sai in na bar wurin zama gaba ɗaya. Kwarfar ruwa kuwa aikin yaron jirgi ne, matuƙi ba shi da dalilin barin inji yana gudu ya tafi tsakiyar jirgi.

Injiniya Usman (Fatakwal): Salam. Ina bin muhawarar tun safe daga wurin aiki. A kamfanonin da ke da ƙananan jirage masu gudu a nan, ba a barin matuƙi ya bar kwata sai an ga igiyar a jikinsa. Kuma Turawan da Bukar ya ambata su ma da jini suka koya. A watan Mayun 2013, a Padstow da ke Ingila, wani jirgi mai gudu ya watsar da iyali mutum shida a ruwa wajen karya kwana, ya riƙa zagayawa a kansu, uba da 'yarsa suka rasu, uwa da ƙaramin ɗa suka ji munanan raunuka. Binciken hukuma ya nuna igiyar ba ta ɗaure a jikin mai tuƙi. A Amurka kuma tun 1 ga Afrilun 2021 doka ta wajabta ɗaura ta a jiragen shaƙatawa da ba su kai ƙafa 26 ba idan suna gudu.

Bukar, mutuwar da injinka ya yi sau biyu, ina kyautata zaton ba laifin tsarin ba ne, makullin ne ya cinye. Robar tana sirancewa da rana da gogayya, sai ta daina ɗaga maɓallin yadda ya kamata, girgiza kaɗan ta sa ya taɓa. Sannan makullin kowane kamfani da kaurinsa. Na sha ganin an sa na Suzuki a Yamaha, ya shiga kamar ya yi daidai, amma inji yana ta yankewa. Akwai igiyar da ake sayarwa mai makullai da yawa a zobe ɗaya, in za a saya a gwada wanda ya zauna daram, ba ya motsi.

Bukar Baga: Gaskiya nawa na asali ya ɓata, wani na samu a kasuwa na sa. Daga baya ma da waya na ɗaure maɓallin kafin in yanke.

Malam Garba Bakanike (Lokoja): To ka gani. Mu koma kan Sani, don rana tana yi. Sani, akwai mai mitar gwada wuta kusa da kai? Ko mai gyaran waya ko mai gyaran janareto, duk suna da ita.

Sani Yawuri: Akwai mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, na aika yaro ya kira shi.

Malam Garba Bakanike (Lokoja): Inji a kashe. Ya sa mitar a wurin da take ƙara idan an haɗa bakinta biyu. Baki ɗaya a farar wayar da ta fito daga maɓalli, wadda ka zare, ɗayan a baƙar ko a ƙarfen inji mai tsabta. Makulli a ciki: dole ta yi shiru. Zare makulli: dole ta yi ƙara. Mayar da makulli ka danna maɓalli: ƙara. Idan ta yi ƙara alhali makulli na ciki, akwai inda ya haɗe. Idan ta yi shiru, kada ku tsaya nan, ya mayar da ita ma'auni mafi girma na ohm, domin danshi ba ya sa mita ƙara amma yana satar wuta. Lamba kowace iri ta fito, akwai yoyo.

Abu ɗaya da nake roƙo: kada wani ya ce zai gwada da batir ko ya sa wa farar wayar nan wutar bolt 12. Nan take CDI zai ƙone da gaske. Kuma idan inji yana aiki kada a taɓa bakinta da hannu, tana ja.

Sani Yawuri: Malam ga abin mamaki. Da muka ɗaga hannun tuƙi sama don mu samu wurin aiki, mita shiru, na zare makulli ta yi ƙara, na mayar ta yi shiru, komai daidai. Har mai rediyo ya ce maɓallin lafiya yake. Ina sauke hannun ƙasa yadda nake tuƙi sai ƙara ta tashi ba tsayawa. Na ɗaga, shiru. Na sauke, ƙara.

Malam Garba Bakanike (Lokoja): Alhamdu lillahi, ɓarawo ya shiga hannu. Duba daidai gaɓar da hannun yake lanƙwashewa, inda wayoyi suke wucewa su shiga jikin inji.

Sani Yawuri: Na gani! Robar da ke rufe ramin ta fita, ban san yaushe ba. Farar wayar ta goge a bakin ƙarfe, tagullar tana waje kamar tsawon ƙwayar shinkafa, har ta yi kore. Wurin kuma a jiƙe yake, da laka.

Malam Garba Bakanike (Lokoja): Shi ne ɗif ɗin da yake yi maka a kwana. Ruwan shekaranjiya ƙarasa shi kawai ya yi. Kada ka naɗa salatif a kan koren nan ka ce ka gama. Yanke wurin da ya ci har ka iske jar tagulla mai haske, mai rediyo ya yi maka jonin dalma, a sa robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi, sannan a zura wayoyin cikin guntun tiyo a daidai gaɓar. Ka bar musu ɗan sako-sako yadda hannun zai ɗaga ya sauka ba tare da ya ja su ba. Idan ka samu dama daga baya ka sayi maɓallin gaba ɗaya da wayarsa, kuɗinsa bai kama ƙafar na CDI ba.

Ka kwance baƙar wayar ma inda take ɗaure da inji, ka goge wurin da samfefa. Ga dalili, kuma wannan ya fi na farko haɗari. Idan farar ta taɓa ƙarfe, inji ya ƙi tashi, ka sani nan take. Amma idan baƙar ta tsinke ko ta yi tsatsa, inji zai riƙa aiki lafiya lau, kai kana ɗaure da igiya kana ganin kana da kariya, ranar da ka fizge sai ya ƙi mutuwa. Ita wannan cutar ba ta nuna kanta. Maganinta kowace safiya kafin ka ɗauki fasinja, ka tada inji a firi, ka fizge igiyar, ka ga ya mutu, ka mayar. Bai kai minti ɗaya ba.

Alhaji Ɗanlami Yeji (Gana): A ƙara da makulli na biyu. A ɗaure shi a wuri sananne kusa da inji, yaron jirgi ya san inda yake, ya kuma iya tada inji. In ba haka ba matuƙi ya faɗa ruwa da makulli a ƙafarsa, iska tana tafiya da jirgi, na ciki ba su da abin komawa su ɗauke shi sai filafili.

Hajiya Talatu mai kifi: Ni dai daga gobe zan riƙa duba ƙafar matuƙi kafin in shiga. Kuma zan gaya wa matan da muke tafiya tare inda ake dannawa. Malam Garba, don Allah ka turo hoton maɓallin in nuna musu.

Haruna Ibi: Na gwada nawa yanzu a bakin ruwa. Na fizge igiya, inji bai mutu ba, sai da na danna maɓallin da ƙarfi sau biyu. Shekara nawa ina yawo da shi haka, Allah kaɗai ya sani.

Malam Garba Bakanike (Lokoja): Haruna, naka ko datti ya riƙe maɓallin ba ya komawa ƙasa da kansa, ko bakin ƙarfen ciki ya yi tsatsa. Wanke shi, ka motsa shi sau da yawa, ka sake gwadawa. Idan bai mutu da fizga ɗaya ba, canza shi, kada ka ɗauki mutane da shi haka. Hajiya, hoto yana zuwa in na koma shago.

Sani Yawuri: 'Yan'uwa an gama. An yi joni, an sa tiyo, na goge baƙar waya. Na tada shi na fizge sau biyar, sau biyar yana mutuwa. Na juya hannun hagu da dama har ƙarshe, na ɗaga na sauke, bai yi ɗif ba. Na kwance igiyar daga inda na naɗe ta, sai na ga ta bushe ta tsattsage, ba ta ma komawa idan an ja ta, don haka sai na sayi sabuwa. Yau na yi sawu biyu da yamma da ita a cinya kamar yadda Isuhu ya ce, ba ta dame ni ba, sai dai sau ɗaya da na miƙe zan karɓi buhu na manta, inji ya mutu a bakin kwata.

Bukar Baga: Malam Garba, ni da na yanke tawa tun daga gindi, guntun da ya rage a jikin CDI bai fi rabin yatsa ba. Zai yi joni, ko sai na nemi wata hanya?

Malam Garba Bakanike (Lokoja): Rabin yatsa ya isa idan mai hannu ne zai yi, amma kada ya daɗe da ƙarfen dalma a wurin, zafi yana shiga ciki. Ɗauki hotonsa da rana ka turo in gani kafin kowa ya taɓa.